Ajin Manya a Unguwa: Yadda Ake Tayar da Shi da Abin da Ke Kashe Shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai POS ranar kasuwa ya ga abin da rashin karatu ke yi wa babban mutum a wannan zamani. Dattijo ya sayar da masara buhu goma, mai saye ya ce ya turo, waya ta yi ƙara a aljihu, sai ya zaro ta ya miƙa wa yaron da ke kusa ya duba masa ko kuɗin sun shigo, kuma nawa ne. Mace ta zo cirar kuɗin adashi, ta ba da kati, ta faɗi lambobin sirrinta da baki kowa yana ji, domin ba ta saba danna su da hannunta ba. Waɗannan mutane ba hankali suka rasa ba. Dattijon nan zai lissafa maka kuɗin buhu goma da la'adar dillali da kuɗin mota da ka, tun kai mai biro ba ka gama neman takarda ba. Baƙaƙe ne kawai suka shiga tsakaninsa da dukiyarsa.

A zamanin kakanni, wanda bai iya karatu ba yakan shekara bai nemi mai karanta masa wasiƙa fiye da sau biyu ba. Yanzu abin kullum ne: saƙon banki, katin asibiti, kwalin magani, jarkar maganin feshi, sakamakon jarrabawar yara, takardar fili da za a ce ya dangwala yatsa. Kowane karo kuma sai ya buɗe wa wani cikinsa.

Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa manya fiye da miliyan 700 a duniya ba su iya karatu da rubutu ba, kuma kusan biyu cikin ukunsu mata ne. A Nijeriya, alƙaluman 2018 sun nuna kashi 62 cikin 100 na manya ne suka iya. A Nijar ba su kai 4 cikin 10 ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijeriya a wannan shekarar ya samu cewa a Arewa maso Yamma matan da ke iya karatu ba su kai ɗaya cikin uku ba. Akwai hukumomin da aka ɗora wa wannan nauyi. Tun 1990 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa, wadda ake kira NMEC, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Amma azuzuwansu ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba, kuma galibin malamansu na wucin gadi ne masu jiran ɗan alawus. Wannan giɓin ne ƙungiyoyin unguwa da matasa masu sa kai ke ƙoƙarin cikewa, kuma aiki ne da ke yiwuwa. Sai dai buɗe aji ba wuya. Wuyar tana wata na uku, lokacin da ɗoki ya kwanta, aka gama ɗaukar hoto, malami ya fara fashi.

Ba yau aka fara ba

Kafin a yi maganar ƙetare, a tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ita ta tsara 'Yan Taru: ta zaɓi mata masu shekaru da mutunci daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami. Jaji takan zo da ayarin mata su ɗauki karatu, ta koma ta koyar da na gida. Gaskiya ne yawancin karatun a waƙe ake haddace shi, ba baƙi da wasali ake koya wa kowa ba. Amma tsarin shi ne abin dubawa. Malama daga cikin jama'ar take, kowa ya san ta, an karrama ta a bainar jama'a, kuma tana da wurin da take komawa ta ƙaro sani. Yawancin azuzuwan sa kai na yau sukan samu na farko su rasa biyun ƙarshe.

Sai Yaƙi da Jahilci na farkon shekarun 1950, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta gudanar ta hannun En'e-En'e, Malam Ahmadu Coomassie yana cikin jagororinsa. Abin da mutanen wancan lokaci suka gane, wanda mu muke yawan mantawa, shi ne sabon makaranci yana buƙatar abin karantawa. Ga Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fita tun 1939. Aka kuma kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Zumunta ta Bauchi. Wanda ya sauke littafin farko yana da labarin garinsu da zai karanta a gindin bishiya. An rufe NORLA a 1959.

A 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, irinta ta farko a jihohin Nijeriya, har ta samu lambar yabo ta UNESCO a 1983. 'Yan shekaru bayan nan kasuwar littattafan Hausa ta buɗe a Kano, kuma masu nazarin adabi da dama suna danganta abubuwan biyu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga firamare aka aurar tana yarinya, a ajin manya ta ƙarasa koyon karatu da rubutu, ta zo ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?. Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, shi ma da girmansa ya shiga ajin yamma. Duk mai ganin ajin manya ɓata lokaci ne, ga amsarsa nan.

Darasi biyu daga nesa

Taken nan na kowa ya koya wa ɗaya, wanda hukumar ƙasa ta Nijeriya ta taɓa ɗauka, asalinsa daga ƙasar Filifin ne. Wani Ba'amurke ɗan mishan mai suna Frank Laubach ya yi aiki a tsibirin Mindanawo wajen 1930 cikin Maranawo, al'umma ce ta Musulmi. Ya tsara musu rubutun harshensu da baƙaƙen boko, ya ɗauki malamai yana biya. Da tattalin arzikin duniya ya karye kuɗi suka yanke, ya ce zai rufe. An ruwaito cewa wani basaraken wurin ne ya hana, ya kafa doka cewa duk wanda ya iya dole ya koya wa wani. Dabarar ta zagaye duniya. Tana da kyau wajen cire kunya, domin mutum biyu ne kawai a zaure. Rauninta kuwa a fili yake: wanda ya iya jiya bai zama malami yau ba, kuma idan ya koyar da kuskure babu mai gyarawa.

Ƙasar Kuba kuma a 1961 ta rufe makarantu na wasu watanni, ta tura ɗalibai fiye da 100,000 karkara, kowa da fitilarsa da littafinsa, suka zauna a gidajen manoma, da rana a tafi gona tare, da dare a yi karatu. Cikin shekara guda mutum fiye da 700,000 suka iya. Ba kowace ƙasa ke iya yin haka ba, gwamnati ce ta zuba duk ƙarfinta. Amma abubuwa biyu da suka taimake su muna da su: an koyar da mutane cikin harshen da suke magana da shi, kuma harshe ne da ake rubuta shi kusan yadda ake furta shi. Na ukun shi ne ba su tsaya nan ba, sun buɗe azuzuwan ci gaba ga waɗanda suka gama.

A cikin aji

Tambayar farko da kan raba kan masu shirya aji ita ce da wane harshe za a fara. Ɗalibai da yawa za su ce Turanci suke so, kuma suna da hujja: fom na banki da takardun ofis da Turanci suke, a Nijar kuma da Faransanci. Amma wanda aka fara masa da Turanci an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon baƙaƙe da koyon harshe, ga shi rubutun Turanci ba ya bin furuci. Hausa wasulanta biyar ne a rubuce, kusan kowane baƙi kuma sautinsa ɗaya. Wanda ya riƙe ƙa'idar zai karanta kalmar da bai taɓa gani ba. A fara da Hausa, a gaya wa ɗalibai gaskiya cewa Turanci yana tafe, kuma baƙaƙen da suke koyo yanzu da su za su shiga can.

Abu na biyu, a binciki abin da mutum ya zo da shi. Da yawa daga waɗanda ake lissafawa cikin marasa karatu a ƙasar Hausa sun yi makarantar allo. Wanda ya bi ta alu, ambaƙi, wau, zal, ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru, ya riga ya san babban sirrin karatu: alama tana ɗauke da sauti, wasali yana juya baƙi. Wani ma yana rubuta wasiƙa da ajami, yana karanta abin da ke jikin takardar naira 500 da ta 1000. Irin wannan ɗalibi ba daga farko za a faro masa ba. A rubuta masa gaɓa da ajami, a rubuta ta da boko a gefe, a nuna masa cewa nan daga hagu ake tasowa kuma wasali a jere yake da baƙi, ba sama ko ƙasa ba. Cikin 'yan makonni zai wuce sauran, kuma shi ne mataimakin malami na farko.

Ga yadda darasi mai kyau kan kasance. Malami ba ya farawa da rera a, b, c har ƙarshe. Yakan ɗauko kalma daga rayuwar mutanen, a ce gero idan manoma ne. A ɗan taɓa hira a kanta: nawa tiya a kasuwar jiya, wa ya sayar da wuri ya yi nadama. Sannan ya rubuta ta da manyan baƙaƙe a allo, ya raba ta biyu, ge da ro. Daga ge ya fitar da ga, ge, gi, go, gu. Daga ro ya fitar da ra, re, ri, ro, ru. Ya yanka kwali ya rubuta kowace gaɓa a kan guda, ya baza a tabarma, ya ce kowa ya haɗa biyu ya ga abin da zai fito. Wani ya ɗauki ri ya ajiye ga a gefenta, ya yi shiru yana motsa leɓe, can sai ya ɗago: riga! Wani ya samu goro, wani gora, wani rago, wani ruga. Baƙi biyu da wasali biyar, mutum ya tashi da kalmomi kusan goma da ya gina da hannunsa a daren farko. Wannan hanya ta yi kama da wadda Paulo Freire ya bi a garin Angikos na ƙasar Barazil a 1963, inda manya kimanin 300 suka fara karatu cikin sa'o'i 40 na darasi. Kada dai a daɗe a kan kalmomi tsiraru. Gari na zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, jimla ce ke raba su, don haka a shiga gajerun jimloli da wuri. Masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su sh da ts da gw, a bar su sai ƙafa ta tsaya, amma kada a tsallake su.

Riƙon fensir kansa aiki ne. Hannun da ya shekara 40 yana riƙe da fartanya ko muciya yakan danne fensir har ya huda takarda. Malamin da ya san aikinsa zai bar mutum ya fara da yatsa a ƙasa, ko da alli a ƙaramin allo inda kuskure ke gogewa ba a gani. Kuma abin da kowa ke so ya fara rubutawa sunansa ne. A ba shi wannan a makon farko, ko da bai san duk baƙaƙen da ke ciki ba. Ranar da mutum ya sa hannu a takarda maimakon dangwale, ranar ya yarda cewa zuwansa ba banza ba ne.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba shi ne ido. Daga shekara 40 zuwa sama yawancin mutane ba sa ganin ƙananan rubutu na kusa sosai. Sai ka ga dattijuwa tana nisanta littafi tana ƙanƙance ido, malami yana zaton kanta ne ba ya ja, ita ma ta yarda da haka ta daina zuwa, alhali tabarau na karatu mai araha ne maganin. A rubuta da girma, a zauna inda haske yake, wanda ke fama kuma a shawarce shi ya je a duba masa ido.

Lissafi ya fi sauƙi, domin suna da shi a ka; rubuta shi ne kawai ba su iya ba. A fara da lambobin waya da kuɗi. A Nijar akwai ƙarin mataki guda: baki yana ƙirga da dala, takarda tana rubuta faran, abin da ake kira dala ɗari shi ne 500 a rubuce, kuma sai an zauna an warware wa ɗalibi wannan.

Kunya, lokaci, da wurin zama

An ce gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemu ba ya son a ga ya kasa a gaban 'ya'yan cikinsa. Ajin da aka kafa a bakin titi, yara suna leƙe ta taga suna dariya, ba zai yi wata biyu ba. Haka wanda aka zaunar da magidanta a kan bencin 'yan aji ɗaya, ana sa su tashi su gaida malami. Zauren mai unguwa, ko ajin Islamiyya bayan an tashi yara, ko tsakar gidan wata dattijuwa da ake girmamawa, sun fi. Malami matashi ya san da wa yake magana. Ba ya cewa “ba haka ba ne”. Yakan ce, “Baba, ku ƙara duba na biyun nan, cikinsa gaba yake kallo ko baya?” Baba ya duba, ya ga d ce ba b ba, ya gyara da kansa, mutuncinsa yana nan.

Lokaci kuwa ɗalibai ne za su yanke, ba masu shiryawa ba. A karkara daga an gama girbi zuwa saukar ruwan farko ne damar. Wanda ya buɗe aji ana gab da shuka shi kaɗai zai zauna. A kauce wa ranar kasuwa. A san yadda za a yi da watan azumi tun kafin ya zo. Maza galibi bayan isha'i, don haka sai an tanadi fitila mai caji ko ta sola. Matan aure kuma sukan fi samun sarari da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ko tsakanin azahar da la'asar, kuma mace ce za ta koyar da su. Kafin a rubuta sunan kowace, a nemi mazan ta hannun liman da mai unguwa. Wannan ba ƙaramin mataki ba ne. Azuzuwan mata da yawa a nan suka tsaya. Za su zo da goyo, a yarda da haka, a samu yarinya ko tsohuwa mai riƙe masu rarrafe a gefe. Sa'a ɗaya da rabi sau uku ko huɗu a mako ta fi sa'a huɗu ranar Asabar kaɗai, domin abin da aka koya yau idan ya kwana shida ba a taɓa shi ba ya tafi.

Malamin sa kai shi ne ginshiƙi

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Idan aji ya mutu akan ce ɗalibai ne ba su da himma. Sau da yawa malami ne ya fara ɓacewa. Ɗalibi ya rufe shago ya zo ya tarar ba kowa, ya sake zuwa ya tarar ba kowa, na uku ba zai zo ba, kuma ba za ka ƙara shawo kansa ba.

Masu iya aikin suna nan a kowace unguwa: malaman makaranta da suka yi ritaya, waɗanda suka gama NCE suna jiran aiki, ɗaliban jami'a da ke gida, malaman Islamiyya, masu yi wa ƙasa hidima waɗanda ma suna da rukuni na musamman na koyar da manya a ayyukansu na raya al'umma. Amma a ɗauki ɗan unguwa a kan baƙo, domin baƙo yana da ranar tafiya. Kuma kowane aji ya samu malami biyu, in ɗaya ya yi tafiya ko rashin lafiya kada a rufe. Yawan ɗalibai ga mai sa kai da bai goge ba kada ya wuce 10 zuwa 15; in an samu masu taimako da za su zauna da mutum ɗaya ko biyu da aka bari a baya, ya fi kyau.

Iya karatu daban, iya koyar da shi daban. Mai digiri ma yana buƙatar horo na 'yan kwanaki kafin ya tsaya gaban manya, in ba haka ba zai koyar yadda aka koyar da shi yana ɗan shekara shida, da haddar baki da tsawa. Hukumomin ilimin manya na jihohi suna da jami'ai a ƙananan hukumomi, suna da manhaja da littattafan farawa. A nemi su zo su yi horon. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, sun daɗe suna gudanar da azuzuwan mata, akwai abin koyo a wurinsu.

Sa kai kuma ba ya nufin aikin ba ya cin kuɗi. Akwai alli, littattafan rubutu, cajin fitila, kuɗin abin hawa. Idan aka bar wa malami duk wannan daga aljihunsa, an sa masa ranar gajiya. Kwamiti na mutum biyar ya isa, da mai ajiya da littafin shiga da fita, a nemi masu hali na unguwa su ɗauki nauyin wata-wata maimakon kyauta ɗaya mai yawa ranar buɗewa. Abin da za a kiyaye shi ne alkawarin albashin da babu shi. Gara a ce wa mutum fi sabilillahi ne ya shiga da saninsa, da a ce masa za a riƙa ba shi wani abu a kasa cikawa. Sannan a karrama shi: a ambace shi a masallaci, a ba shi takardar shaida da zai iya haɗawa da takardun neman aiki.

Akwai wani gwaji da aka yi a Nijar da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker sun bi azuzuwan manya a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram. A wasu ƙauyukan an riƙa buga waya sau ɗaya a mako ga malami da mai gari da ɗalibai biyu, a tambaya ko an yi karatu, mutum nawa suka zo. Ba a ƙara wa malaman ko sisi ba. Da aka yi jarrabawa, ɗaliban ƙauyukan da ake kira sun fi sauran a karatu da lissafi. Malamin da ya san akwai mai tambayar aikinsa ba ya yi wa aji riƙon sakainar kashi, kuma yana jin ba a manta da shi ba. Wannan kira kowane kwamitin unguwa zai iya yin sa.

Bayan an iya

Babban abin takaici a harkar ilimin manya shi ne komawa baya. Mutum ya gama wata tara, an yi walima an ba shi takarda, bayan shekara biyu ya koma ba ya iya karanta komai sai sunansa. Dalilin yana da nasaba da sauri. Mai karatu a hankali, yana haɗa gaɓa da gaɓa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Helen Abadzi, wadda ta daɗe tana nazarin wannan a Bankin Duniya, ta ƙiyasta cewa sai mutum ya kai kalma 45 zuwa 60 a minti kafin ya riƙa fahimtar abin da yake karantawa ba da wahala ba. Manya sun fi yara jinkirin kaiwa nan, kuma babu hanyar kaiwa sai yawan karantawa. Wanda aka sallama bai kai ba, karatu zai zame masa aiki mai gajiyarwa, ya ajiye.

Saboda haka kada malami ya auna nasara da yawan shafukan da aka wuce. Ya riƙa zaunar da kowane ɗalibi shi kaɗai lokaci-lokaci, ya ba shi ɗan sakin layi da bai taɓa gani ba, ya duba agogo, sannan ya tambaye shi abin da labarin ya ce. Karatun baki ɗaya yana ɓoye wanda ke bin sahu da hadda.

Abin karantawa kuma ba sai an jira daga sama ba. Akwati ɗaya ya isa a fara: jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Iliya Ɗan Maiƙarfi, littattafan addini da aka fassara, littattafan hikaya na marubutan Kano, tsofaffin jaridun Hausa. Wata dabara mai kyau ita ce ɗalibi ya ba da labari da bakinsa, na yadda aka kafa unguwar ko na wata shekarar fari da ya gani, malami ya rubuta, a buga a rarraba. Mutum ba ya gajiya da karanta maganarsa.

Sai waya. Tun a 2009 an gwada wani shiri a jihohin Doso da Damagaram na Nijar tare da ƙungiyar agaji ta CRS, inda aka ƙara wa wasu azuzuwan manya darasin sarrafa ƙaramar waya, mutum biyar suna raba guda. Waɗanda suka samu wannan sun fi takwarorinsu maki, kuma karatun ya fi zama musu bayan an rufe aji, domin suna da dalilin rubutu kullum. Yau sai a yi hattara da abu ɗaya: saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa rayuwa har ya cire wa mutane buƙatar rubutawa. Malami ya sa doka a tsakaninsa da ɗalibansa cewa gaisuwar safe a rubuce za ta zo, ko kalma uku ce, ko da kuskure.

Daga ƙarshe akwai maganar takarda. Wasu ɗaliban karatun waya da lissafin shago ya ishe su. Wasu, musamman matasa da matan da aure ya katse wa makaranta, suna son ci gaba har su zauna jarrabawar sakandare. Ajin da ba shi da rajista ba zai iya ba su shaidar da za a karɓa a gaba ba. Don haka tun kafin a sayi alli, wakilan unguwa su je ofishin ilimin manya na ƙaramar hukumarsu su yi wa ajin rajista, su nemi manhaja da mai duba aiki. Idan a unguwarku ana shirin buɗe aji bana, ku nemi malamai biyu da suka yi alkawarin wata tara, da mutum ɗaya da zai riƙa kiransu duk mako, kafin ku rubuta sunan ɗalibi ko ɗaya.